Taswirar da ta Tsaya a Bakin Gulbi

Shekaru sun wanke abubuwa da yawa daga kaina, har da sunayen wasu da muka zauna aji ɗaya da su. Amma daminar da na bi ƴan kabu-kabun Madarunfa, masu haya da moto, da na'ura, wannan kam ko tsufa ya lanƙwasa ni ba na jin za ta fita daga raina. Har yau in na tuna, wani lokaci dariya ce ke fara zo mini, wani lokaci kuma ƙwalla.

A lokacin ina karatun digiri na biyu a fannin labarin ƙasa a jami'a, nan Maraɗi. Kowa sai ya rubuta littafin bincike kafin a ba shi takardar kammalawa, ni kuma na zaɓi in bi diddigin yadda mutanen karkara ke zirga-zirga a kan moto, wato babur, rani da damina. Ba haka kawai na zaɓa ba. Mahaifiyata ƴar wani ƙauye ce da ke hayin gulbi ta wajen Gabi, kakata kuma tana can, kuma can nake hutun makaranta tun ina ƙarama. Na san yadda gulbin nan yake. Da rani yashi ne zalla, akuya ma ratsa shi take yi, amma da ruwa ya sauka sai ya cika ya batse, ya raba mutane da kasuwa da likita. Duk sanda aka yi zancen gada sai a ce babu alƙaluman da ke nuna ana bin wurin. To ni kuma da taurin kai aka haife ni, na ce ai sai in nemo musu alƙaluman.

Malamin da ke duba aikina ya samo mini wasu ƙananan na'urorin GPS daga jami'a, kowace ba ta wuce kwalin ashana ba. Ana ɗaure ta a jikin moto, duk inda moton ya bi tana riƙewa, in an jona ta da kwamfuta sai ta zana layi a kan taswira. Aiki mai sauƙi a baki. Wahalar ita ce samun mutanen da za su yarda a ɗaura musu.

Nan mahaifina ya shigo. Makanikin moto ne, kuma dattijo ne a majami'armu, rabin ƴan kabu-kabun yankin nan sun taɓa zama a bencin garejinsa suna jiran a ɗaure musu ƙafa ko a wanke musu inji. Shugaban tashar ƴan kabu-kabu ta Madarunfa tsohon abokinsa ne, kuma ɗan ƙauyen su mahaifiyata ne, saboda haka Kawu nake ce masa. Dogo ne, siriri, mai furfura a gemu, ba ya ɗaga murya amma in ya yi gyaran murya tashar kan yi tsit. Mahaifina da kansa ya goya ni a moto har can. Bayan sun gama gaisuwarsu mai tsawo, ya miƙa masa jakar na'urorin ya ce, "Ga ɗiyata, ga kayan jami'a. Amana na kawo maka."

Kawu ya tara mutanensa a inuwa, na yi musu bayani. Ba su ɓoye tsoronsu ba. Wani ya ce, "Malama, halan dai ba duwan, masu kamun kaya bakin iyaka, sunka aiko ki ba?" Aka kwashe da dariya, amma dariyar da ke jiran amsa. Na ce musu ba zan rubuta sunan kowa ba, layi kawai nake so, babu mai ganin abin sai ni da malamina, kuma wanda bai so ba dole. Wasu suka ce a kai kasuwa, ban ji haushinsu ba. Waɗanda suka yarda kuwa, Kawu ya tsaya a kansu ya yi musu huɗuba: kayan nan ba na yarinya ba ne, aro aka ba ta, wanda duk ya bari tasa ta lalace ya zubar da mutuncin tashar gaba ɗaya. Ina gefe ina jin daɗi, ina cewa a raina na samu mai tsare mini kaya. Kafin in bar wurin har sun raɗa wa na'urar suna, wai ƴar rakiya.

Rani ya tafi mini yadda nake so. Duk mako nakan je Madarunfa in kwashe abin da na'urorin suka tara, in sa su a wuta, in mayar. In na koma gida na buɗe kwamfuta, sai in ga layuka sun bazu, wasu sun nufi Ɗan Issa, wasu Sarkin Yamma, wasu sun ratsa yashin gulbi sun shiga ƙauyukan hayi har ƙofar gidan kakata. Ranar kasuwa layukan kan yi kauri. Ranar Juma'a da rana sukan yi shiru na ɗan lokaci, sannan su sake ɓarkewa. Nakan zauna ina kallo har abinci ya huce, mahaifiyata tana faɗa. Malamina ya yaba, ni kuma kaina ya fara girma, har na fara tunanin kayan da zan sa ranar kare littafi.

Sai ruwa ya sauka, gulbi ya kawo.

Makon farko da na buɗe taswira na ɗauka kwamfutar ce ta samu matsala. Layukan Ɗan Issa suna nan, na Sarkin Yamma suna nan, amma duk layin da ya nufi gulbi sai ya je bakin ruwa ya tsaya cak. Ba kashe na'urar aka yi ba, tana aiki, sai dai tana nuna wuri ɗaya na tsawon sa'o'i, sannan ta juyo ta dawo gari. Ba ɗaya ba, ba biyu ba, dukkansu, kuma a daidai ɗigo guda. Hayin gulbi kuwa fari fat, kamar ba a taɓa haihuwar mutum a can ba. Mako na biyu haka, na uku haka.

Na kai wa malamina. Mutum ne mai natsuwa, ba mugu ba, amma ba ya wasa da hujja. Ya daɗe yana kallo, ya cire tabarau ya ce, "To ai ga amsarki nan. In gulbi ya cika, zirga-zirga ta tsaya. Suna kai mutane bakin ruwa, su jira, su komo."

Na ce, "Malam, wallahi ba haka ba ne. Ana ƙetarewa. Na san wurin nan, kakata na can."

Ya ce, "Na'ura ba ta da kaka a hayin gulbi, ke ce ke da ita. Ba zan sa hannu a kan abin da kika ji a ranki ba."

Ya shimfiɗa mini zaɓi biyu. Ko in rubuta abin da taswira ta nuna, wato mutanen hayi ba sa tafiya da damina, ko kuma in ce aikin daminar bana ya lalace, in jira wata daminar, abokan karatuna su kare nasu bayan kaka su bar ni. Na fito daga ofishinsa ina auna maganar. In na bi ta farko, ni da na shiga aikin don in nuna ana buƙatar gada, da hannuna da sunana zan rubuta cewa ba a buƙata. In na bi ta biyu, shekara guda ta tafi a banza, kuma ba ni da tabbacin za a sake ba ni aron na'urorin. Wani abokin karatuna da na kai wa kuka ya ce, "Ke ma dai da wahalar da kai. Ja layukan da kanki mana, wa zai sani?" Abin da na faɗa masa ranar ba zai rubutu ba, mun yi kusan wata ba ma gaisawa.

Zuciyata ta fara raya mini mugun zato. Na ce ƙila mutanen nan cire na'urorin suke yi su ɓoye a daji, su sulale Najeriya ɗaukar mai, su bar ni da wauta. Abin ya ci mini rai ƙwarai. Mai karatu zai ce me ya hana ki tambayi Kawu kai tsaye? Kunya ce. Yaya zan dubi abokin mahaifina in ce masa mutanenka na ha'intata, alhali ba ni da shaida? Sai na bi ta gefe. Da na je kwasar mako na ce, "Kawu, ƴan rakiya dai lahiya?"

Ya washe baki ya ce, "Lahiya lau, ɗiyata. Ki duba ki gani, ko ɗigon ruwa bai taɓa su ba."

Na duba kuwa, tsaf suke, har sun fi yadda na kawo su tsabta. Na yi godiya na tafi da baƙin cikina.

Daga ƙarshe na ce zama ba zai yi ba, gara in je in ga ɗigon nan da idona. Na sa wurin a taswirar salulata, na zaɓi wata safiya bayan an kwana ana ruwa, na sauka Madarunfa ban bi ta tasha ba. Na tare wani mai moto da ba ya cikin mutanena na ce ya kai ni mashigin gulbi. Hanya duk caɓi, gero ya kai ƙugu hagu da dama, sau biyu ina sauka muna tura moto. Tun daga nesa na fara jin ƙugin ruwa.

Mashigin cike yake da mutane. Ruwa ja wur yana gudu, yana tafe da karare da rassan itace. Ga ƴan fito, ƙarti majiya ƙarfi, tsirara daga ƙugu zuwa sama. Ina tsaye na ga huɗu daga cikinsu sun zura sanduna a ƙarƙashin wani moto, sun ɗaga shi a kafaɗa, sun shiga ruwa da shi, mai moton na biye da su, fasinjarsa kuma ta rungume wata ƙatuwar gora ana tura ta. Wato ana ƙetarewa, har da moto. Na ji wani sanyi a raina, na kuma ji haushi ya taso mini, don ga gaskiyata a fili amma ba ni da abin nunawa.

Na sunkuyar da kai ina bin salula. Ɗigon ya ja ni zuwa gindin wata tsamiya, inda wata dattijuwa mai jiki ke zaune a kan kujera ƴar tsugune tana tuyar ƙosai. Na wuce ta, salula ta ce na wuce wurin. Na dawo, ta ce na iso. Na zagaya bayan itacen, na duba rassa, na tona ciyawa da ƙafa, na sake zagayowa. Duk inda na bi, ɗigon na kan matar nan.

Ta ajiye matsami ta ce, "Ke ɗiya, lahiya? Tun ɗazu kina zagaya ni kamar kazar da za ta yi ƙwai. In ƙosai kike so ki yi magana."

Ban kai ga amsawa ba sai ga wani daga cikin mutanena ya iso da fasinja. Bai lura da ni ba. Ya kafe moto, ya kwance ƴar rakiya daga jikinsa a hankali, ya goge ta da bakin rigarsa, ya je ya durƙusa gaban matar ya miƙa mata da hannu biyu. Ita kuma ta jawo wata langa daga ƙarƙashin kujerarta, irin mai murfi da zanen furanni da ake kai wa miji tuwo a ciki, ta buɗe. Na leƙa. Ga na'urorina kwance reras a kan tsohon zane, an jera su kamar ƙwai, kowace na ƙyafta ƴar wutarta. Ta sa tasa, ta rufe, ta mayar ƙarƙashin kujera, ta ci gaba da tuya.

Ban san sanda na ƙwala ihu ba. "Inna! Mi kayana ke yi cikin langa?"

Ta dube ni sama da ƙasa, sai fuskarta ta washe. "Au, ke ce mai su? Barka da zuwa! Ai kullum ina nan bisa kansu, ko bayan gida ban tahiya sai na bar wani. Ki ƙirga kayanki, ba abin da ya same su."

Ta faɗi haka tana jiran godiya, ni kuwa ji nake kamar in kwanta a caɓin nan in yi birgima. Mai moton da ya ga yanayina ya ja gefe ya kira Kawu a salula. Ba a daɗe ba sai ga shi, ya sauka yana tambayar abin da ya faru.

Na manta da kunya, na manta da girma. Na ce, "Kawu, kun kashe ni! Wata da watanni ina kuka, ashe aikina na nan ƙarƙashin kujerar mai ƙosai!"

Bai yi fushi ba, mamaki ne ya kama shi. Ya ce, "Subhanallahi. Ɗiyata, ni na sa dokar. Ruwan ga da kike gani ya sha cinye buhu, ya sha cinye akuya. Na ce duk wanda zai ƙetare ya aje ƴar rakiya wurin Inna, in ya komo ya ɗauka. Ai mun kawo ta har bakin ruwa, kuma kowa ya san wanda ya zo nan ƙetarewa zai yi."

"Kowa ya sani a nan, Kawu. A jami'a ba wanda ya sani. Su abin da na'ura ta gani shi ne ya faru. Yanzu takardata cewa take ba mai zuwa hayi da damina."

Mutane suka fara taruwa. Wani ɗan fito ya ce, "Ba mai zuwa? To mu aljanu muke ɗauka?" Aka yi dariya, ban da ni. A daidai lokacin na hangi wani mai moto yana naɗe salularsa a leda, ya cusa a cikin hula, ya danna hular a kai. Na nuna shi na ce, "To ga shi! Salulolinku ai suna ƙetarewa!"

Kawu ya ce, "Wannan tamu ce. In ta hwaɗa ruwa hasara ce kawai, mutum ya yi haƙuri. Taki in ta hwaɗa, da wane ido zan dubi mahaihinki?"

Wannan magana ta kashe mini jiki. Duk makonnin nan ina zarginsu da ha'inci, ashe su wahala suke ƙara wa kansu, kwancewa da ɗaurewa, safe da yamma, don kada in ji kunya a jami'a. Na sassauta murya na yi bayani iya iyawata. Na ce an yi na'urar ne don ta sha wahala, in an naɗe ta a leda ba abin da zai same ta, in ma ta ɓata ni zan amsa. Kawu yana saurare yana girgiza kai. Ya ce ni yarinya ce, ban san ruwa ba, kuma ba da ni ya yi alkawari ba, da mahaifina ya yi. Na san halinsa. Ko mahaifina na kira, Kawu cewa zai yi kara ce ta sa abokin nasa ya yafe. Damina kuma ba jirana za ta yi ba, ta riga ta raba tsakiya.

Ban iya ruwa ba, ko a tafkin Madarunfa iyakata baki. Amma na ji in na bar wurin nan haka, shi ke nan. Na durƙusa na buɗe langa, na ɗauki na'ura guda, na roƙi Inna ledar ƙosai biyu, na naɗe ta, na ƙulle a cikin ɗankwalina, na ɗaure tam. Na miƙa wa Inna jakata da takalmana, na tattare zane, na nufi ƴan fito na ce, "Ku ƙetare da ni."

Kawu ya sha gabana. Ban taɓa jin ya ɗaga murya ba sai ranar. "Ke! Kin san ke ma amana ce?"

Na ce, "Na sani, Kawu. Ni dai a langa ba zan shiga ba."

Inna ta saki salati, wasu suka tuntsire da dariya. Kawu ya tsaya yana dubana, gemunsa na motsi. Sai kawai ya cire takalmi, ya zaro salularsa ya cusa a hula, ya ce wa ƴan fito, "Ku kawo babbar gorar." Da rigarsa da komai ya shiga ruwan.

Ba zan yi muku ƙaryar jarumta ba. Da ruwa ya kai mini gwiwa na fara nadama, da ya kai ƙirji na ji ƙasa ta gudu daga ƙarƙashin ƙafata. Sanyi kamar ƙanƙara, ga ƙarfi, ji nake ana jan zanena ta ƙasa. Na rungume gorar nan kamar uwata. Ɗan fito ɗaya na gaba yana ja, ɗaya na baya yana turawa, Kawu na gefen da ruwa ke bugowa, ya riƙe damtsena da hannu ɗaya, yana ta bismilla. Ni kuwa na rufe ido ina ta kiran Yesu da iyakar muryata. Na gaban ya waiwayo ya ce, "Malama, kira duk wanda za ki kira, amma don Allah kar ki saki gora!" A tsakiyar ruwa, ina tsakanin rai da mutuwa a ganina, dariya ta kuɓuce mini, na sha ruwa na ƙware.

Da ƙafata ta taɓa yashi na rarrafa na fita, na zube ina haki. Da na ɗago kai sai na ga abin da taswirata ta ce babu. Mata da kwandunan kuɓewa da yakuwa suna jiran fito, wani tsoho kwance a amalanke an lulluɓe shi za a kai shi likita, motoci biyu jiƙe sharkaf ana ta buga su su tashi, wani malamin makaranta da takardunsa a leda bisa kai. Wurin ya fi bakin wata kasuwar cika.

Kawu ya zauna gefe yana matse riga. Can ya miƙo hannu. Na kwance ɗankwali na ba shi ƙullin. Ya warware ledar a hankali, ya juya na'urar gaba da baya. A bushe take, wutarta na ƙyaftawa. Ya daɗe yana kallonta, sannan ya miƙe ya je bakin ruwa, ya sa hannu biyu a baki ya ƙwala wa na wancan hayin kira: "Ku ce wa Inna ta buɗe langa! Kowa ya ɗauki tashi, leda biyu, cikin hula!"

Tunda na riga na jiƙe, ya sa aka goya ni har gidan kakata. Tsohuwa ta gan ni ba takalmi, zane na ɗiga, ta tafa hannu ta ce wane irin karatu ne wannan da ke mayar da mutum mahaukaci. Ta ba ni zanenta na ɗaura, ta dama mini fura, tana yi tana zagin jami'a. Da yamma aka sake ƙetarowa da ni, wannan karon ido buɗe. Da na jona na'urar a gida, layi ɗaya siriri ya ratsa gulbi ya shiga farin wurin nan. Na kira mahaifiyata ta zo ta gani, na fashe da kuka, ita kuma ta rasa abin kuka a cikin zare guda.

Da na ba malamina labari ya yi dariya har ya share hawaye. Sai kuma ya jawo kwamfutar gabansa, ya ce in buɗe masa makonnin da na ɗauka sun lalace. Ya ce, "Dubi nan. Duk sanda na'ura ta shiga langa, moto ya ƙetare ke nan. Duk sanda ta fito, ya komo. Ba ki san inda suka je ba, amma kin san sau nawa aka ƙetare da tsawon lokacin da aka yi a can." Ashe ba abin da ya ɓata. Ya sa na rubuta labarin langar a cikin littafin yadda ya faru, ba ragi, ya ce wanda zai yi irin aikin nan gaba ya fi buƙatar wannan shafin a kan sauran.

Ragowar daminar ta cika hayin gulbi da layuka. Na'ura ɗaya ta tafi a ruwa kuwa, hular mai ita ce ta faɗi. Ya zo mini fuska kamar an yi masa rasuwa, Kawu na biye da shi, sai da na yi ta ba su haƙuri, jami'a kuma ba ta ce komai ba. Na kare littafina tare da abokan karatuna bayan kaka. Gada dai har yau ba a gina ba, amma ma'aikatar magajin gari ta nemi taswirar ta ajiye, kuma yanzu in ana zancen mashigin nan ba a ƙara cewa ba a bin sa. Ina sa rai zan taka gadar nan da ƙafata.

Bayan an gama komai na buga taswira biyu manya na kai tasha, ta farkon damina da ta ƙarshenta. Aka shimfiɗa su a kan benci, aka danne da duwatsu. Matasa suka rufu a kan ta biyun, kowa na cewa wannan layin nasa ne, ana gardama ana dariya. Kawu kuwa ta farkon ya tsaya a kai. Ya ɗora yatsa a farin wurin, daidai inda ƙauyensu yake, inda aka haife shi, inda ƴan'uwansa suke. Ya ce, "Nan ba kowa ke nan?"

Na ce, "Haka takarda ta ce, Kawu."

Ya ce a hankali, "Ashe da mun ɓoye mutanenmu da hannunmu."

Abin da na koya ke nan, kuma shi nake faɗa wa ɗaliban da nake koyarwa yanzu. In ka ba mutum aiki, kada ka tsaya a gaya masa yadda zai yi, gaya masa abin da ake nema da shi, don mai ƙaunarka ma yana iya ɓata maka aiki saboda tsabar kulawa. In kuma ka ga wuri fari a taswira, kada ka yi saurin rubuta cewa ba kowa. Tashi ka je ka tsaya a wurin da ƙafarka. Sau da yawa mutanen suna nan, ruwa har wuya, ba a dai ƙirga su ba ne.